Muhawara: Mai busasshiyar zuciya zai iya zaman lafiya da mutane?

Autar Zaure: Salamu alaikum. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Tsohon ogana ya kwashe kuɗin ofis ya ɗora min, aka sallame ni. Washegari muka haɗu, ya gaishe ni da fara'a har yana tambayata ya mutanen gida, ko idonsa bai ƙifta ba. Yanzu ma an ƙara masa girma. Irinsu ne ake kira saikofat. Mahaukata ne, ba za su taɓa iya rayuwa irin ta mutane ba, a killace su kawai.

Ɗalibin Likita: Allah ya bi miki haƙƙinki, ƙanwata. Amma ki janye "mahaukata". Wanda ke jin muryoyi ko ganin abin da babu, ciwonsa daban. Saikofat hankalinsa garau yake, ya san daidai ya san kuskure, tausayi da nadama ne suka yi masa ƙaranci. Shi ya sa galibi kotu ba ta yi masa uzurin taɓin hankali.

Anti Babba: To wanda ya cuci yarinya ya koma yana washe mata baki, in ba mahaukaci ba mene ne shi? Ku 'yan boko komai sai kun shafa masa hoda.

Mai Haƙuri: Anti, ki yi min afuwa. Yayana na fama da ciwon ƙwaƙwalwa, yana shan maganinsa, ko kiyashi bai taɓa takawa da gangan ba. Kada a haɗa min shi da mugaye.

Anti Babba: Wa ya ambaci yayanki? Kin zo kenan.

Ɗalibin Likita: Kuma ba a yanke wa mutum wannan hukunci daga labari ɗaya. Robert Hare, masanin halayyar ɗan Adam daga Kanada, ya tsara ma'auni mai abubuwa 20, maki 40 gaba ɗaya. A Amurka sai mutum ya kai 30 ake sa shi a sahun, kuma ƙwararre ne ke aunawa bayan doguwar hira da duba tarihinsa. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 ne, ba duka ke gidan yari ba.

Ɗan Adawa: Auta, da bakinki kika ce an ƙara masa girma, ashe rayuwar yake yi. Ga marigayi James Fallon, farfesan ƙwaƙwalwa a Kalifoniya da ya rasu a 2023: yana duba hotunan ƙwaƙwalwa ya ga nasa ya yi kama da na masu kisan kai da yake nazari. Ya rayu da matarsa da 'ya'ya, bai kashe kowa ba.

Anti Babba: An tambayi matar yadda ta sha?

Ɗan Adawa: Shi da kansa ya faɗa cewa makusantansa sun daɗe suna ganin ƙarancin tausayinsa. Amma dai sun zauna.

Anti Babba: Yauwa! Shi yana rayuwa, na kusa da shi na biyan kuɗin. Halin maza kenan.

Ɗan Adawa: An fara. A mata ma akwai su, Anti.

Mai Haƙuri: Kai kullum bayan masu muƙami kake. Wancan makon ma da ake maganar albashi haka ka yi.

Ɗan Adawa: Wancan makon da kika kira ni ɗan koren oga, har yau ba ki ba ni haƙuri ba?

Mai Haƙuri: Sai ka jira.

Autar Zaure: Ni da aka kora ba wanda ya tambaye ni ko na samu wani aikin.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. A taƙaice, mafi yawanmu mun yarda da Anti cewa waɗannan mutane ba a zama da su, ko me likitoci suka kira su. Ɗalibinmu ya kawo lissafin Turawa, mun gode, amma bai taɓa zama ƙarƙashin irin wannan oga ba. Misalin farfesan nan mutum ɗaya ne tak. An rufe. Ɗan Adawa, ka neme ni ta gefe kan maganar wancan makon.