Zuwa Kambam, garin inabi: me ya kamata a sani?

Daga Garwa: Salamu alaikum jama'a. Masu jinya da ɗalibanmu da ke Madurai a kudancin Indiya suna yawan tambayar Kambam (a taswira Cumbum), kwarin nan na inabi a jihar Tamil Nadu. Waɗanda suka sani su taimaka, kwana ɗaya ya isa?

Daga Injamena: Wa alaikumus salam Alhaji. Ya isa idan gonaki da Suruli, wato ruwan da ke zubowa daga kan dutse, kaɗai ake nufi. Daga Madurai a shiga bas ta Theni, daga can zuwa Kambam kilomita 40 ne ko kusa da haka, tafiyar duka kamar awa uku. A tashi bayan asuba. A fara da Suruli, kilomita 10 daga gari, a bar gonaki sai la'asar. Wanda ya juya tsarin zai wuni da inabi cikin mota mai zafi, ya koma gida da ruwan tsami a ƙasan jaka.

Daga Gaundare: Kafin ku ɗauki keke mai ƙafa uku ku tambayi direba ko an buɗe Suruli. Wurin na hannun ma'aikatan gandun daji, sukan hana wanka idan ruwa ya yi ƙarfi, galibi daga Oktoba zuwa Disamba, ko idan giwaye sun sauko. Ba tatsuniya ba ce, a Mayun 2023 giwa ta shiga har cikin garin Kambam. Daga ƙofa akwai tafiyar ƙafa mai ɗan nisa, sai matakala masu santsi, don haka dattijo ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan ya haƙura da hawan. Wanda ya saba da ruwan Tello namu na kusa da Gaundare kada ya sa ran kaɗaici irin na can, nan layi ake bi tsakanin ƙarafa, maza gefe mata gefe. Kuma birai. Leda a hannu ko babu komai a ciki sai sun fizge.

Daga Marwa: Bari in daɗe kan inabin, shi ne dalilin zuwan. Sunansa panir, wato ruwan wardi, saboda ƙamshinsa. Baƙi ne mai ɗan ja, yana da ƙwallo, fatarsa siririya. A kan rumfar waya ake shimfiɗa shi bisa ginshiƙan dutse, nonnan suna reto ƙasa, dogon mutum sai ya sunkuya. Gonaki ba sa yin askin rassan inabi lokaci guda, shi ya sa kusan duk watan da ka je za ka tarar wata na girbi.

Wajen saye, a ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙasan nono, in ta yi zaƙi sauran ma sun yi. Inabi ba mangwaro ba ne, in an yanke shi da tsami haka zai zauna. Itacen nonon ya zama kore shar, in ya bushe ko ƙwayoyi na zuba da an girgiza, ya kwana biyu. Farin ƙurar da ke jikin fata halittarsa ce, amma da damina ana fesa maganin fumfuna sosai, sai a wanke. Sai dai a wanke abin da za a ci yanzu kawai, jiƙaƙƙe ba ya kwana. A zuba a kwali mai huji, hawa biyu, kada a danna. Kilo biyu ko uku sun isa ɗaki guda.

Hajiya daga Kuseri: Malam ka manta abu ɗaya. Rumfunan bakin gona suna jera kwalaben ruwan inabi kusa da na giyarsa, kala ɗaya. A tambaya da baki kafin a biya, ko a sa a matse a gabanka. Masallatai kuwa akwai su a cikin gari, abincin halal ba ya wuya.

Daga Injamena: Gaskiyarki Hajiya. Masu son hawa tsaunin Megamalai su ware masa rana daban. Ta Cinnamanur ake bi, hanya ce mai kwana-kwana da hazo, kuma shingen gandun daji ba ya barin mota da dare. Mai kwana ya riƙe fasfo, wasu ƙananan masaukai ba sa karɓar baƙon waje saboda takardar da ake cike wa hukuma. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu masu ziyarar Sabarimala, wurin bautar Hindu a jihar Kerala, ke cika hanyar Kumili da ta ratsa Kambam, a nemi ɗaki tun daga Madurai.