Neman shawara: in riƙe Fijon Baba mai ƙofa biyu, ko in yi musaya da Marsandi?

Baban Ummi, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka min da shawara, kwana huɗu ke nan abin nan na cin raina.

Motar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, tana hannuna tun rasuwarsa shekara huɗu da suka wuce. Peugeot 504 ce, amma ba irin Fijon da muka saba gani a tasha ba. Ƙofa biyu gare ta, ƙirar 1979, inji mai silinda shida, giya biyar ta hannu. A wurin wani Bafaranshe ya saye ta da ya gama aikinsa a nan Kaduna zai koma gida, lokacin ina aji uku a firamare. Fentin bonet da na rufi ya koɗe, amma ba a taɓa karo da ita ba. Carbin Baba na nan rataye a madubi, ban iya cire shi ba.

Da safe ana murza makulli take tashi. Amma in na yi tafiya ta ɗau zafi na kashe ta, to sai ta ga dama. Juma'ar da ta wuce sai da yara suka tura ni a ƙofar masallaci, ina cikin babbar riga, mutane na kallo. A silo kuma tana ɗan kakkarwa. Makanikai uku na kai wa. Na farko ya canza filogi, na biyu ya canza batir, na ukun ya ce in daina wahalar da kaina, a sauke injin a ɗora mata na Fijo mai silinda huɗu da kafireta, ko na Toyota. Ga shan mai, kun dai san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023.

Ana cikin haka wani dillali ya gan ta a wurin wanki, ya biyo ni har gida. Ya kawo min Marsandi CLK350 ƙirar 2006, 'yar Beljiyam, baƙa wuluk, esi kamar firji. Ya ce in ba shi Fijon da cikon naira miliyan biyu. Na hau na zaga da ita, kuma gaskiya zuciyata ta raya min. Ya ba ni zuwa Litinin. Me kuka gani?

Ɗan Kakuri:

Wa'alaikumus salam. Yaro, kafin komai, kada ka bari kowa ya sa sifana a jikin injin nan da sunan saukewa.

Shekara goma sha tara na yi a kamfanin haɗa Fijo na Kakuri. An fara aiki a wurin a 1975, kuma mun ci gaba da haɗa 504 sama da shekara ashirin bayan Faransa ta daina a 1983. Salun, wagon, akori-kura, duk sun bi ta hannunmu. Irin taka ba ta taɓa bi ta layinmu ba. Ita 504 Coupé kamfanin Pininfarina na Turin a Italiya ne ya zana ta kuma ya ƙera bodinta, su ne suka zana wa Ferrari motoci da dama. A baje kolin motoci na Geneva aka fara nuna ta a 1969. An yi 504 sama da miliyan uku a duniya, amma masu ƙofa biyu da rufin ƙarfe irin taka ba su kai dubu talatin ba, masu silinda shida a cikinsu kuwa 'yan dubbai ne kawai. Da irinta Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya a 1978. Mu a lokacin hotonta kawai muke gani.

Sai dai in gaya maka ɗaya ɓangaren, kada ka ce tsoho ya ruɗe ka. Suna kawai suka haɗa da salun a waje. Tsakanin tayar gaba da ta baya ta fi salun gajarta da santimita 19, ƙofa, bonet, but, gilas, fitila, babu wanda zai shiga. Ranar da ɗan acaɓa ya fasa maka fitilar baya, ka zaga Panteka kaf ba za ka samu ba. Wasu kayan ƙasa dai za ka iya dacewa da na salun, amma a gwada kafin ka biya. Saboda haka ba motar zuwa kasuwa da kai yara makaranta ba ce.

Shi kuma dillalin naka, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya bi ka har gida saboda tsohuwar mota mai koɗaɗɗen fenti ya san abin da ya gani.

Maman Hanifa:

Ni dai ban san inji ba, tambaya ɗaya ce da ni. 'Ya'yanka nawa? Don na ga daga mai ƙofa biyu za ka koma mai ƙofa biyu, ka kuma cika miliyan biyu. Maman Ummi za ta ci gaba da kwantar da kujera ana cusa yara a baya kamar buhun masara ke nan? In mota kake so ta amfanin gida, ka haɗa kuɗin nan ka nemi Corolla ko Sienna, ka bar ta Baba a gareji ka riƙa fitowa da ita ranar sallah. In kuma ƙwalisa kake so, ka faɗa mana gaskiya mu san irin shawarar da za mu ba ka.

Baban Ummi:

Hajiya kin kama ni. Uku ne, kuma akwai wata tsohuwar Golf da uwarsu ke ja. Ƙwalisar ma akwai, ba zan ɓoye ba.

Oga na Ƙofar Ruwa, Kano:

Alhaji, motarka ba ta lalace ba, hannun da ya san ta ne ba ta samu ba. Laifinka ɗaya, ka riƙa kai ta wurin masu Fijo. Masu tsofaffin Marsandi za ka nema.

Wannan injin ba kafireta gare shi ba. Injekta ce ta Bosch da ake kira K-Jetronic, irin wadda ke cikin 230E da 280E na da. Ba kwamfuta ke raba mata mai ba, da matsin fetur kawai take aiki, wajen bar 5 a agogon awo. Kusa da famfon mai akwai wani ɗan gwangwani, akumuleta, aikinsa ya riƙe matsi a cikin bututu bayan ka kashe mota. In robar cikinsa ta yage, ko bawul ɗin bakin famfo ya saki, matsin sai ya zube, fetur ɗin da ke bututu mai zafi ya zama tururi. Ka yi ta murza makulli, tururi kake tura wa inji. Da ya huce sai ta tashi kamar ba ita ba. Abin da ya same ka a ƙofar masallaci ke nan, in dai yadda ka faɗa ne. A ɗaura agogo, a kashe mota, a zuba wa allura ido na minti goma ko ashirin. Kada ka yarda a sayi komai kafin a yi wannan.

Kakkarwar silo kuwa, in ba ta yi yawa ba, halinsa ne. Ana ce masa PRV, Peugeot da Renault da Volvo ne suka yi shi tare, cc 2664. Asali silinda takwas aka tsara, aka rage biyu, shi ya sa wutarsa ba ta tashi a daidai tazara. Yana cikin Fijo 604 da Volvo 264, to ka ga inda za a nemi kayansa. Abin da ba ya yafewa shi ne zafi. Alminiyam ne gaba ɗaya. Masu ɗura masa ruwan rijiya ko na leda a lagireto su ke kashe shi, yana cinyewa ta ciki ba ka sani ba sai gasket ya ƙone. Ka wanke lagireto, ka sa ruwan sanyaya inji na gaske, ka duba fanka.

Sai ita amaryar da ake maka talla. Mota ce mai daɗi, ba ƙarya. Amma injin 350 na farko-farko, ciki har da na 2006, an san shi da cinyewar haƙoran wata giya da kacar inji ke bi ta kanta, kuma gyaran sai an sauke inji ƙasa. Giyabos ɗinta mai giya bakwai akwai faranti na lantarki a ciki da kan ba da matsala. Ba na ce wannan tana da su ba. Amma ka kunna makulli ka ga ko fitilar inji na kamawa ta mutu yadda ya kamata, don akwai masu cire ƙwan fitilar. Ka sa a jona mata kwamfuta a wurin da kai ka zaɓa, ka kuma ga takardun kwastan da idonka. CLK in ka rasa wannan, gobe za ka ga goma a Legas.

Yariman Barnawa:

Ku dattawa kuna son tsohon ƙarfe wallahi. Mutum ya ce tura shi ake yi a bainar jama'a, ku kuna ba shi tarihin Italiya. Babu esi mai kyau, babu jakar iska, babu birkin ABS mai hana taya kullewa, ga hanyar Abuja da direbobin yanzu. Yallaɓai ka karɓi Marsandi ka ji daɗin rayuwarka, Baba addu'a yake buƙata ba ajiyar mota ba.

Ɗan Kakuri:

Maganar jakar iska da birki gaskiya ka faɗa, ɗana, shi ya sa na ce ba ta doguwar tafiya kullum ba ce. Sauran kuma in ka girma ka gane.

Ɗan Damagaram a Faransa:

Yaya, ni a gabashin Faransa nake aiki, ba nisa da Sochaux inda gidan tarihin Peugeot yake. Irin motarka a nan sai ranar Lahadi in rana ta fito ake ganinta, mai ita ya goge ta kamar ango. Masu tara tsofaffin motoci abu uku suke tambaya: injin asali ne, akwai tsatsa, takardu sun cika? Tsatsa ce ke cinye su a nan saboda damshi da gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi. Wadda ta zauna a busasshiyar ƙasa irin tamu tana da wannan fifikon. Ranar da ka ɗora mata injin Toyota kuwa, ka fitar da ita daga lissafinsu.

Ka rubuta sunanta da shekararta a shafukan sayar da motoci na Faransa, ka ga abin da ake sa wa masu silinda shida, ka juya shi zuwa naira. Taka ba za ta kai na waɗanda aka gyara tsaf ba, ka cire kuɗin fenti da na jirgi. Ko bayan haka, ni a ganina shi ya kamata ya yi maka ciko. Robobin ƙofa da fitilu ana samu a nan, da tsada dai. In zan zo gida zan iya riƙo maka ƙananan kaya.

Malam na Tudun Wada:

Kowa ya yi maganar inji, ni wata tambaya nake da ita. Ka ce motar na hannunka. Da aka raba gado, an yi mata kuɗi an sa ta a kasonka ne, ko barinta aka yi a hannunka don kai ne babba?

Baban Ummi:

Allah ya gafarta Malam, gaskiya ba a sa ta a lissafi ba. An raba gida da gona da kuɗin banki. Da aka zo kan mota Hajiya mahaifiyarmu ta ce a bar ta inda take, mu ma duk mun ɗauka ba ta kai a yi magana a kanta ba. Mu biyar ne, maza biyu mata uku.

Malam na Tudun Wada:

To ai ba taka ba ce kai kaɗai da za ka yi musaya da ita. Hajiya na da tumuninta a ciki, ɗaya bisa takwas, sauran na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, da duk wani magajin da ya samu kaso a gida da gona. Yanzu da ka ji tana iya yin daraja, wajibi ne su ma su ji kafin kowa ya ce ya yafe, don yafiyar da aka yi bisa zaton ƙarfen banza ne akwai magana a kanta. Ka tara su, a samu masu sani biyu su yi mata kuɗi. In kana so ka riƙe, ka biya su kasonsu ko su bar maka da sanin abin da suka bari. Ka koma wurin malamin da ya raba muku na farko ya ƙarasa aikinsa.

Baban Ummi:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana.

Na samu wani dattijo mai gyaran Marsandi, ya ɗaura agogo kamar yadda Oga ya ce. Muna kashe mota, ban gama amsa waya ba allura ta kwanta ƙasa. Ya yi dariya ya ce gwangwanin ne, ya aika a nemo a Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas.

Ranar Litinin na ce wa dillali na fasa. Nan take ya ce to a bar cikon, mota da mota. Da daddare ya sake kira, wai shi zai ƙara min dubu ɗari biyar. Na ce masa ba ni kaɗai ke da ita ba.

Na je na faɗa wa Hajiya komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce a cikin motar nan aka kai ta asibiti haihuwar autarmu, ita tumuninta ba na sayarwa ba ne. Ƙanina kuma da ya ji farashin Faransa ya ce a sayar a raba, yana da ginin da ya tsaya a linta. Matan ba su ce komai ba tukuna. Za mu zauna bayan sallar Juma'a. Miliyan biyun da na tanada don ciko, wataƙila wurinsu za ta tafi, in ta isa.

Baba Ɗan Kakuri, ko za ka daure ka zo ranar Asabar ka duba mana ita, ka zama ɗaya daga cikin masu yi mata kuɗi?

Ɗan Kakuri:

Zan zo da hantsi in Allah ya kai mu. Kada a wanke ta, kada a shafa mata komai. Ka cire kafet ɗin ƙasa da na but, ka fito da tayar safaya, ka nemo tocila mai haske da duk wata takarda da Bafaranshen nan ya bar wa mahaifinku.