Awon bitamin D na yara: wanne sakamakon zan bi?

Maman Affan: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 2 ƙafarsa ta fara gwamewa, na masa tahlil (awon jini) na bitamin D a wani mustausaf (ƙaramin asibiti) a unguwar Hindawiyya nan Jidda ya fito 18, babansa bai yarda ba muka sake a wani wajen ya fito 45. Likita ta rubuta ɗigo, in fara ba shi ko in yi na uku? Wallahi na kasa bacci.

Ummu Hanan: Wa'alaikissalam, ki dinga shanya shi a hantsi kawai.

Baban Yasir: A ranar Jidda? Sai dai in kilishi za a yi 😂

Anti Nas: Maman Affan duba gefen lambar. Wasu da ma'aunin ng/mL suke rubutawa wasu nmol/L, ana ninka ng da 2.5 ne a samu nmol, to 18 ɗin ita ce 45, kuma ƙasa da 20 ng/mL ana cewa ya yi ƙasa. Amma gwame ba D kaɗai ba ne, binciken da aka yi a Jos yawanci ƙarancin kalsiyam aka samu a yaran. A auna masa shi ma.

Hajiya Uwani: Hmm ni kar a min maganar tahlil ɗin nan. Jikata aka ce nata 9 ne, uwarta ta tsorata ta haɗa maganin D na likita da wani na saidaliyya (kantin magani) tana ɗura mata kullum, wata biyu yarinya sai amai da ƙishirwa, kashi ya ƙi fita, ashe kalsiyam ne ya hau, kwana 6 muna asibiti. Har yau ban yarda 9 ɗin nan gaskiya ba ce.

Anti Nas: Allah sarki Hajiya. Injinan awo na saɓawa kam, shi ya sa ake so ki tsaya waje ɗaya, amma wannan yawan maganin ne.

Hajiya Uwani: Ke 'yar nan, na yi goyo tara kafin ki san hanyar makaranta.

Ummu Hanan: Ai aikin Anti Nas ne Hajiya. Nawa ma ake yin tahlil ɗin? Ni riyal 90 na biya.

Baban Yasir: Ina? 220 suka karɓa mana.

Maman Affan: Anti na duba, na biyun nmol ne! To in fara?

Baban Yasir: Kuma ta'amin (inshorar lafiya) ya ƙi biya wai ba larura ba ce.

Ummu Hanan: Ku da kuke da shi ma kenan. Mu iƙamar yaran (takardar izinin zama) ta ƙare tun Rajab, kafilin maigidan ko waya ba ya ɗagawa, wa ya san yadda ake kai ƙara?