Haɗa kiɗan Romawa da bugun na'ura: abin da masu harkar suka ba da shawara

A tattaunawar masu harkar kan yadda za a haɗa kiɗan Romawa (al'ummar Roma da Turawa ke kira Gypsy, ba mutanen birnin Rum ba) da bugun na'ura, maganar da aka fi daɗewa a kanta ita ce ta ma'aunin kiɗa. Kiɗan Romawan yankin Balkan, a kudu maso gabashin Turai, yakan zo da bugu 7/8 (biyu, biyu, uku) ko 9/8 (biyu, biyu, biyu, uku), shi kuwa kiɗan kwamfuta ya saba da 4/4, wato bugu huɗu daidai wa daida. Shawarar mafi yawa ita ce na'ura ta bi makaɗi. In ka matse tara cikin huɗu, ɗingishin nan mai sa jiki rawa ya tafi.

Haka kuma kada a bar manhaja ta daidaita kowane sauti daram. Masu goge irin na Taraf de Haïdouks daga ƙauyen Clejani a Romaniya sukan ja lokaci su sake shi da gangan, daɗin ke nan. Masu busa irin Fanfare Ciocărlia kuwa suna da babban ƙaho mai riƙe ƙasan kiɗa, don haka a rage bas ɗin na'ura, wato sautinta mai kauri, kada su yi karo.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙi. Wasu sukan yanko sautin Romawa su sayar ba tare da ambaton kowa ba. A nemi izini, a rubuta sunayen makaɗa, a biya su, in da hali a gayyato su situdiyo su buga da hannunsu.