Rangadi ko ci-rani: muhawarar kurket a zauren tsofaffin ɗalibai

Malamin Wasanni: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, kuma a nan zan sauke. Shekara guda ke nan ina koya wa yaran makarantarmu kurket a nan Birnin Kebbi, da katakon da wani kafinta ya fafe mini da tsohuwar ƙwallon tanis da muka naɗe da salatif. Sandunan nan uku da ake kafawa a bayan mai bugu, reshen dogon yaro muka sare. Yau na ɗauki takarda na je wani ofis neman hular kwano biyu da safar hannu da ƙwallo ta gaske. Tun ƙarfe goma nake kan benci har aka kira azahar. Da na shiga, mutumin ko buɗe takardar bai yi ba, ya ce, "Malam, wannan ai wasan Indiyawa ne, wa zai kalla a Kebbi?"

To ku ji. A watan Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka yi rangadi zuwa Malesiya, gasar cin kofin duniya, karon farko a tarihinsu. A garin Kuching suka doke Niyu Zilan da maki 2 kacal, 65 da 63, bayan ruwan sama ya sa an rage wasan. Suka wuce zagaye na gaba, suka doke Ayalan. Mu nan ko a majalisar mai shayi ban ji wanda ya ambata ba. Ni dai na tsaya a kan maganata: yau yaron Kebbi ya fi kusa da sa rigar Najeriya ta hanyar kurket fiye da ta ƙwallon ƙafa, don can miliyoyi ke layi, nan kuwa layin gajere ne.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya huci zuciyarka. Zaman benci na ofis ba daɗi.

Kawu Na-Gwandu: Ɗana, na karanta, amma kalma guda ta tsaya mini a wuya. Mi kac ce sunka yi? Rangadi? Rangadi na mai ƙasa ne. Sarki ke rangadi, hakimi ke rangadi, zamanin Turawa Di'o ke rangadi shi duba haraji da jangali. Mai rangadi cikin ƙasar da ke ƙarƙashinai yake yawo, a tarbe shi a bakin gari. Ɗiyan da anka gayyata ƙasar wasu ba rangadi sunka yi ba. Malami ne kai, gyara harshenka.

Malamin Wasanni: Allah ya ƙara girma Kawu, na karɓi gyara. Amma maganar kayan wasan yara nake yi.

Na-Jega: Kawu ya yi gaskiya. Ci-rani suka je. Duk wanda ya bar gida ya je ƙasar da ta fi shi ya kalato abin da ya samu ya dawo, ɗan ci-rani ne.

Anti Nas: Haba Yaya, ci-rani fa? Yaran da suka sa rigar ƙasa aka buga musu taken Najeriya? Ɗan ci-rani ne ke doke mai gida?

Na-Jega: Malesiya ce mai gida, ba Niyu Zilan ba. Ki karanta da kyau. Kuma maki 2 ai sa'a ce. Ruwa ya taimake su.

Baban Yusra: Ni a gidan rediyo na sha jin an ce gwamna ya je rangadi ƙasashen waje, an ce mawaƙi yana rangadin garuruwa. Harshe tafiya yake yi, Kawu.

Kawu Na-Gwandu: Rediyo ba alƙalin Hausa ba ne. Yaran yanzu ke aiki can.

Malamin Wasanni: Yaya Na-Jega, ba sa'a ba ce. Bari in yi bayani, don na ga da yawanmu ba mu san wasan ba. Mutum 11 ne kowane ɓangare. Ɗaya na jifa, ɗaya na karewa da faffaɗar sanda, tsakaninsu yadi 22. Jifa 6 shi ne oba ɗaya, kuma a gajeren wasa kowane ɓangare oba 20 yake samu. In ka buga ƙwallo ta gangara har iyakar fili maki 4 ne, in ta tsallake ta sama 6. Ranar an rage zuwa oba 13 ga kowa, ba ga Niyu Zilan kaɗai ba. Maki 65 kaɗan ne ƙwarai, kare shi sai masu jifa na gaske da masu tsaron da ba sa barin ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafa. Kuma kafin su je can sai da suka fito daga gasar Afirka a Kigali. Manyansu mata ma sun ɗauko tagulla a wasannin Afirka na Akara a 2024.

Na-Jega: Oba kuma? Sarkin Yarbawa ya shigo wasan? Kun ga abin da nake faɗa, ko sunayen ba namu ba ne.

Baban Yusra: Fanareti da kwana da ofsaid na kakanka ne?

Na-Jega: Kar ka sa kakana a ciki. Ban zagi kowa ba.

Kawu Na-Gwandu: Ku bar wanga. Misalin rangadi na gaskiya shi ne wanda Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu yay yi zuwa Argungu a 1934, wanda dalilinai anka fara bikin kamun kifi.

Ɗan Kabi: Tsaya nan Kawu! Da girmanka, wannan ba za ta wuce ba. Yanzu ka gama cewa mai rangadi cikin ƙasar da ke ƙarƙashinsa yake yawo. Yaushe Argungu ta zama ƙarƙashin Sakkwato? Ziyara ya kawo, ziyarar zumunci bayan shekaru ana gaba, Sarkin Kabi ya karɓe shi a matsayin baƙo, aka shiga ruwa aka kama kifi don girmama shi. Kabawa ba a ci su da yaƙi ba. Ka janye kalmar nan.

Kawu Na-Gwandu: Birnin da kake zaune cikinai kana rubutu, wa ac cikin fadarsa yau?

Ɗan Kabi: Birni daban, mutane daban. An karɓi birni, Kabawa suka koma Argungu suka ci gaba da riƙe takobinsu har Turawa suka zo. Jikokin Kanta ne mu. Je ka Surame ka ga ganuwa.

Anti Nas: Don Allah Kawu, don Allah Yaya. Yara da ƙwallon salatif ake magana.

Ɗan Kabi: Ƙanwata, ba ki san zafin abin ba. Kullum haka ake mana a zauren nan. Bikinmu da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, a ce wai rangadin wani ne ya haife shi.

Ɗan Yauri: Tunda an zo nan, ni ma in faɗi tawa. Ko da an ba Malam kayan, ina za a kai? Birnin Kebbi. Filin wasa na Haliru Abdu, Birnin Kebbi. Masarauta huɗu ce a jihar nan tun da aka yanke ta daga Sakkwato a 1991, amma Yauri da Zuru sai dai mu ji a labarai. Muna da rigata a kan Neja, samari na tuƙa kwalekwale kamar su tashi sama, wa ya taɓa kai su Malesiya?

Na-Jega: Yauwa. Ga kokawa, ga dambe, ga langa. A bar namu a ɗauko na Ingila.

Baban Yusra: Kai da ba ka barci in ƙungiyarka ta Ingila ta sha kashi. Ranar nan har shagonka ba ka buɗe ba.

Na-Jega: Zazzaɓi na yi. Kuma ku da kuka shekara nawa ba kofi, ka yi shiru.

Malamin Wasanni: Jama'a, ba wanda ya ce a bar kokawa. Ni kaina ina kai yara kallonta. Abin da nake nunawa shi ne ƙofa ce a buɗe. Yuganda ta je gasar duniya ta maza a 2024. Afganistan, da yawan 'yan wasanta na farko a sansanin gudun hijira a Pakistan suka koyi wasan, a gasar nan ta 2024 sun doke Ostireliya sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Kuma an sa kurket a wasannin Olamfik na 2028 a Amurka. Akwai wata yarinya a aji biyu, ba zan faɗi sunanta ba, da hannun hagu take jifa. Ta saba jifan tsuntsu a gonar shinkafar babanta. Cikin jifa 6 sai ta kayar da sanda sau biyu. In na ba ta ƙwallo ta gaske ba tare da mai bugu yana da hular kwano ba, sai ta fasa wa ɗan wani kai. Shi ya sa na je ofishin.

Alaramma: Malam, nan ne ni kuma zan shigo. 'Ya mace ce za ta bar gaban iyayenta ta hau jirgi zuwa Malesiya? Ko rangadi ne ko ci-rani ne, da wane muharrami?

Anti Nas: Allah ya gafarta Malam, wannan tambaya ce mai kyau, iyaye za su yi ta. Amma ka duba hotunan. Dogon wando ne da riga da hula, ya fi kayan ƙwallon ƙafa sutura nesa ba kusa ba. Pakistan da Bangaladash duk suna da ƙungiyar mata. Akwai 'yar Sikotilan, Abtaha Maqsood, da hijabinta take buga wa ƙasarta.

Alaramma: Afganistan ɗin da Malam ke yabo, matansu na bugawa?

Anti Nas: Tun 2021 an hana su, har makarantar sakandare an hana su. Haka kake so a yi mana?

Alaramma: Ban ce ba. Kar ki sa mini magana a baki, Hajiya.

Na-Jega: Kuma in Najeriya ta iya, me ya sa ba mu taɓa ganinta a talabijin ba?

Baban Yusra: A Nuwamban 2024 a Legas mazanmu sun ci 271, suka fitar da Kodebuwa gaba ɗayanta da maki 7. Ba a taɓa samun ƙasa da haka ba a irin wannan wasa na maza tsakanin ƙasashe.

Na-Jega: Dukan maraya ke nan. Su je Indiya su yi.

Kawu Na-Gwandu: Shi wanga na Legas ma ba rangadi ba ne, tunda gida anka same su.

Ɗan Kabi: Kawu, har yanzu ba ka janye ba.

Kawu Na-Gwandu: Na haifi kamarka. Ba ni janye komi.

Ɗan Kabi ya fita daga zaure.

Shugaban Zaure ya mayar da Ɗan Kabi.

Ɗan Yauri: Da ɗan Yauri ne ya fita da sai gobe a lura.

Malamin Wasanni: Hular kwano biyu nake nema. Akwai wanda ya san inda ake sayarwa a Kaduna ko Abuja, ko wanda ya san wani a hukumar kurket ta ƙasa?

Shugaban Zaure: Salamu alaikum, dare ya yi, bari in tattara. Na bi saƙonnin tun daga farko. Na ɗaya, kowa ya gamsu cewa zuwan Sarkin Musulmi Argungu a 1934 ziyara ce, ba rangadi ba, kuma Ɗan Kabi ya kawo hujjoji masu ƙarfi waɗanda ba a iya amsawa ba. Ba don mahaifiyata 'yar Argungu ce na faɗa ba, tarihi ne. Muna roƙon Kawu, a matsayinsa na uba, ya duba maganar. Na biyu, kalmar rangadi ba ta dace da tafiyar 'yan matan ba, ci-rani kuma ta yi tsauri, daga yau a zauren nan ziyarar wasa za a riƙa cewa. Na uku, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun nuna cewa wasanninmu na gado su ya kamata a fara tallafawa, musamman kokawa da wasannin ruwa na kogin Matan Fada a Argungu, waɗanda duniya ta riga ta san mu da su. Ƙorafin Yauri an ji, amma ba yau ne ranarsa ba. Malamin Wasanni muna yaba ƙoƙarinsa, Allah ya saka, sai dai kurket sabon abu ne a wurinmu, ya ci gaba da lallaɓawa da abin da ke hannunsa. Kuɗin asusun zaure na wannan wata, kamar yadda na riga na tsara, motar zuwa bikin kamun kifi za a kama da su. Wanda bai biya nasa ba ya tura wa ma'aji kafin Juma'a. Na rufe zaure sai bayan sallar asuba.