Abin da mai zaman kansa zai ware kowace shekara

Teloli, masu gyaran waya da 'yan kasuwa a Kano sun tattauna kan kuɗin da sana'a ke ci a shekara, kuma bakinsu ya zo ɗaya kan cewa ciniki daban, riba daban. Kuɗin hayar shago, man janareto, kuɗin wuta, gyaran keken ɗinki da kuɗin shago na ƙaramar hukuma duk sai an cire su kafin mutum ya san abin da ya samu. Haya ce ta fi tayar da hankali, domin dunƙule ake biyanta, shi ya sa da yawa suka ce a riƙa zuba adashi tun farkon shekara.

Kan haraji aka fi daɗewa. Mai zaman kansa hukumar haraji ta jiharsa yake biya, kuma yana miƙa bayanin kuɗin shigarsa kafin 31 ga Maris. A dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko cikin abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, naira miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, akwai bayanin shekara da zai riƙa kai musu, jinkiri kuma tara yake jawowa.

A ganina shawarar da ta fi muhimmanci ita ce ta rasit. A adana kowanne, a raba asusun shago da na cefanen gida, kuma kada a miƙa wa kowa kuɗin haraji hannu da hannu ba tare da shaida ba.