Shiga bayanan cikin ofis daga waje ta hanyar proksi

Danliti: Assalamu alaikum. Akwai manhajar ajiyar bayanai da ke kan wata sabar a cikin ofis, adireshinta 192.168.1.20, ƙofa 8080, da kuma folda da ake rabawa ta Windows. Ana son ma'aikata su riƙa shiga daga gida. An ce Squid, wata manhajar proksi (mai shiga tsakani wajen miƙa saƙo tsakanin mai nema da saba), zai yi. Haka ne? Ta ina ake farawa?

Injiniya Rabi'u: Wa alaikumus salam, Malam Danliti. Squid an fi saninsa da fitar da mutanen ciki zuwa intanet. Taka buƙatar akasin haka ce, na waje ne zai shigo, don haka proksi mai karɓar baƙi kake nema, irin Nginx ko HAProxy ko Caddy.

Ka ɗora Nginx a wata na'ura daban, ka ba ta adireshi tsayayye, misali 192.168.1.10. A rauta ka tura ƙofa 443 da 80 zuwa gare ta kawai. Kada ka buɗe 8080 ga waje, in ka buɗe ta proksin bai tsare komai ba. A saitin Nginx ka sa proxy_pass ya nufi http://192.168.1.20:8080, sannan ka miƙa wa manhajar bayanan kan saƙo guda uku: Host da X-Forwarded-For da X-Forwarded-Proto. In babu na biyun, manhajar za ta ga kowa da adireshin proksi, ba za ka san wanda ya shiga ba. In babu na ukun, wasu manhajojin sai su yi ta mayar da burauza zuwa https ba ƙarshe.

Satifiket ɗin https kuwa, na Let's Encrypt kyauta ne ta manhajar certbot. Kwana 90 yake yi, sai ka tabbata sabuntawar tana tafiya da kanta. Dalilin barin ƙofa 80 a buɗe ke nan.

Hajara S.: Kafin duk wannan, ɗan'uwa, duba adireshin da rautarka ta samu daga kamfanin intanet. In ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kana bayan CGNAT ne, wato kamfanin ya haɗa ka da wasu a adireshin waje ɗaya, kuma tura ƙofa ba zai yi aiki ba ko me ka saita. Sai dai ka nemi adireshi na kanka, ko ka kama ƙaramar sabar haya, ka sa Nginx a can, ka haɗa ta da ofis ta WireGuard, manhajar VPN, wato ɓoyayyar hanya tsakanin na'urori ta cikin intanet. Ofis ne zai fara kiran haɗin, shi ya sa ba sai an buɗe komai ba.

Foldar Windows kuma wata magana ce. Tsarin raba fayiloli na SMB take amfani da shi a ƙofa 445, ba ta bi ta proksin HTTP, kuma fitar da ita intanet ganganci ne. Ta nan WannaCry, ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle fayiloli, ya bazu a 2017. Wannan aikin VPN ne.

Danliti: Na gode, Hajiya. Adireshin namu ne, ba CGNAT ba. Nginx ya tashi, amma lambar kuskure 502 yake nunawa.

Injiniya Rabi'u: 502 na nufin proksi bai samu amsa mai kyau daga sabar ciki ba. Daga kan na'urar proksin ka gwada umarnin curl, mai kiran shafi, zuwa 192.168.1.20:8080. In ya ƙi, galibi manhajar 127.0.0.1, wato na'urarta kanta, kaɗai take saurare, ko katangar tsaron sabar ce ta tare. In curl ya yi amma Nginx ya ƙi, kuma na'urar proksin Linux ɗin Rocky ko Fedora ce, tsarin tsaro na SELinux ne: kunna httpd_can_network_connect da setsebool -P.

Abu biyu za su biyo baya. Fayil da ya wuce megabait 1 zai kawo 413 sai ka ɗaga client_max_body_size, rahoton da ya yi shiru sama da daƙiƙa 60 kuma 504, sai proxy_read_timeout.

Hajara S.: Kuma da wayarka za ka gwada, Wi-Fi a kashe. Rauta da yawa ba sa yarda na ciki ya kira adireshinsu na waje, sai ka ɗauka saitin ne ya lalace. Shafin shiga manhajar ma kada ya tsaya tsirara: ka sa kalmar sirri a kan proksin da htpasswd, da fail2ban don korar masu cankar kalmar sirri.